Zaɓi Ɗaya

Sun ba ni riga mai tambari, da waya mai faɗin faranti,
da kuɗin mota na kwana tara.
Suka ce, Tanimu, kai ke jin Hausa,
Agege taka ce, har Idi-Araba.
Tambaya arba'in. Ban da wa'azi, ban da gardama,
abin da aka faɗa maka shi za ka danna.

Na fara da mai albasa a bakin layin dogo.
Sau nawa kake salla a yini?
Ya ce, Walakiri ne ya aiko ka?
Ya yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo,
sannan ya ce, biyar mana.
Yaron shagonsa ya sunkuyar da kai.
Na danna biyar.

A wani gida mai ɗaki goma sha biyu, ƙofa na kallon ƙofa,
Iya Sikira na tsintar wake a tire.
Mene ne addinin gidan nan?
Da Hausarta ta zaman Sabo ta ce,
maigidana Alhaji ne,
ni kuwa farar riga nake sawa ran Lahadi, ba takalmi.
Babban ɗana na azumi da ubansa,
autar tana kaɗa ganga a coci,
ragon layya kuma ba wanda ya taɓa ƙin rabonsa.
Wayar ta ce: zaɓi ɗaya.
Yatsana na sama har ta gama da waken.

Tambaya ta goma sha bakwai:
ka yarda ka yi maƙwabtaka da wanda ba addininku ɗaya ba?
Bitrus maigadi, mutumin Zonkwa, ya ce,
a Ikko wa ke zaɓen maƙwabci?
Kuɗin haya ke zaɓa.
Shi ke buga wa su Malam Jibo ƙofa lokacin sahur.
Sai ya rage murya:
amma can gida, inda muka binne ƙanena,
kada ka zo mini da wannan tambaya.
Gurbi uku ne gabana,
na yarda, ban yarda ba, ban sani ba.

Hansatu mai koko, ƙarfin imaninki fa,
sosai, tsaka-tsaki, ko kaɗan?
Ta ce, na yau ko na shekaranjiya?
Shekaranjiya ruwa ya shigo ɗaki ya jiƙa mini gero buhu guda,
na faɗa wa Allah maganar da ba zan maimaita maka ba.
Yau jikata ta tashi daga zazzaɓi, har ta nemi ƙosai.
Rubuta na yau.

La'asar ta wuce ni cikin danfo, a gosulon Oshodi.
Mai wa'azi a tsaye da Littafi a hammata,
carbi na lilo a madubin direba,
kwandasta yana zagin kowa daidai wa daida.
Ba wanda ya tambaye ni komai
sai ko ina da canji.

Ran da aka tara mu a ofis a Ikeja
aka haska mu duka a bango,
an yanka mu kamar kankana,
ɓari kore, ɓari shuɗi, da wani siriri da ba a raɗa wa suna ba.
Wata mai tabarau ta ce aiki ya yi kyau,
kuskure bai fi uku cikin ɗari ba, sama ko ƙasa.
Na yi ta neman Iya Sikira a bangon.
Na nemi muryar Bitrus ta biyu,
da shekaranjiyar Hansatu.

Na mai da rigar. Sauran kuɗina sai ƙarshen wata.
Da dare Inna ta kira daga Gumel,
ta tambayi ruwa, ta tambayi tsadar shinkafa,
sannan ta ce, kana dai riƙe da salla ko?
Na ce, ina yi, Inna, biyar.
Ba kowa a ɗakin,
amma na sunkuyar da kai.