'Yan Uwa Biyu a Ƙarƙashin Madubi

Ta farko na kankaro ta da cokalin shayi
daga bangon kwatar Aboabo.
Mai koko ta tsaya da ludayi a hannu, ta ce,
"Memunatu, gansakuka kuma ake karantawa a jami'a?"
Na ce mata har da jarrabawa.

Ta biyu sai da muka ci rabin yini.
Mota ta ajiye mu bayan Owabi, muka bi sawu
zuwa gindin itacen da Asante ke kira wawa,
ba don wauta ba, dattijo ne mai inuwa.
Can take, ɓangaren da rana ba ta gaisarwa,
faɗinta bai kai tafin hannun jariri ba.

A ido, uwa ɗaya uba ɗaya.
Kore ɗaya, laushi ɗaya, ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa.
Madubi ne ya raba gardama:
jijiyar ganyen 'yar kwata ta zarce har baki,
ta fito da tsini kamar allurar tela.
Ta 'yar daji ta gaza a hanya,
gefen ganyenta da haƙora ƙanana
waɗanda ba su taɓa cizon kowa ba.
Kowacce ta ɗauko ɗan tulunta a ka,
ɗaya a miƙe,
ɗaya a sunkuye kamar mai gaida suruki.

'Yar kwata ba ta zaɓen masauki.
Siminti, bulo, bayan bayin makaranta,
hayaƙin tireloli ma abin shaƙa ne a gare ta.
Dokta Afriyie ya rubuta a layinta: babu damuwa.
Bai ko zauna ba.

A layin ɗayar ya daɗe yana juya biro.
Bara mun same ta a jikin itace bakwai,
bana huɗu,
ranar ma muna jin injin yankan katako
yana tari a ƙetaren rafi,
ruwan kuma ya koma launin kunun kanwa.
Na ce, "Rubuta tana gab da ƙarewa."
Ya ce, "Wa ya ƙirga sauran dazukan?"
Ya rubuta: bayanai ba su isa ba.

Ban yi musu ba. Gaskiyarsa ce.
Amma na san wannan layin.
Kakata ta shekara hamsin a Zango
ba takardar da ta san da zamanta.

Da yamma kowa ya watse.
Na buɗe ambulan ɗin bara,
ta bushe, ta murɗe kamar zaren tsohuwar hula.
Na ɗiga mata ruwa, ɗigo ɗaya.
Kafin ladan ya idar da kiran magariba
ganyen ya buɗe, ya yi kore shar,
kamar ba ta ji abin da aka rubuta a kanta ba.

Gobe ƙarfe biyar zan kama mota a Kejetiya.
An ce akwai wani kurmi gaba kaɗan.
Na sa cokalin a jaka.