Jakin Kaka Bizo

A lise ɗinmu na Tawa inji goma ne,
huɗu na aiki, shida sun tafi hutu ba izini.
Mushe Kadri ya rubuta a tabulo:
kafin ƙarshen zango kowace ƙungiya ta ƙera wasa.
Ya kaɗe alli daga hannunsa, ya fita.

Ni da Sahiya muka faɗa tare,
ita zane, ni rubuta umarni.
Ta ce mota mai gudu, na ce kowa mota zai yi.
Muka tsaya kan jaki:
buhun albasa biyu, daga garka zuwa kasuwa,
kafin rana ta lalata kaya.

Ta zana shi a bayan kayen lissafi,
ɗigo bisa ɗigo, ƙanana kamar ƙwayar gero.
Kunnen hagu ya fi na dama tsawo.
Ta ce a bar shi, haka aka haife shi.

Ranar da na fara kunnawa
jakin ya nutse cikin ƙasa har kunne, ya ɓace.
Na mance ban gaya wa inji ƙasa na da tauri ba.
Shi inji ba ya zato,
abin da ka faɗa shi zai yi ko da wauta ce,
kamar ƙanena Illa in an aike shi yana fushi.

Ran Laraba kuran ya ɗauke,
aikin awa uku ya bi shi.
Na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashi.
Tun ranar yatsana ya koyi adanawa
yadda inna ke ƙulle kuɗi a bakin zane.

Sai wadda ta hana ni barci.
Tsakiyar hanya, daidai gindin aduwa,
jakin kan tsaya cik.
Danna dama, danna hagu, ko gezau.
Dare uku ina bin rubutuna layi-layi,
allura ce cikin ruwa, ni kuwa ba mai rabo ba.

Ran Juma'a na kai shi gida a salular yayana.
Kaka Bizo, da ya shekara arba'in bayan jaki,
ya riƙe wayar nesa da ido kamar tana da zafi.
Ya danna da yatsa mai kaushi.
Ya ce albasar ta cika tsabta,
hanyar kuma ba rami ko ɗaya, hanyar wane gari ce?
Jakin ya kai aduwa. Ya tsaya.
Na buɗe baki zan ba da haƙuri,
tsoho ya tuntsire da dariya har hula ta zame.
"Yauwa! Duk ƙarya kuka zana, nan kaɗai ne gaskiya.
Jaki in ya ga inuwa, kowa ma sai ya jira."

Da dare na gano ta:
alama guda ce ta juya baki hagu maimakon dama.
Minti ɗaya ya isa gyara.
Na daɗe ina kallonta.
Na gyara, sannan na rubuta tsayuwar da gangan,
na ƙara maɓalli ɗaya:
ka sauka, ka sosa masa wuya, ka jira.
Mai duka ba ya wuce aduwa.

Mushe Kadri ya ba mu sha huɗu bisa ashirin,
da jan biki ya ce wasan na da jinkiri.
Masu mota sha bakwai suka samu.
Sahiya kwana biyu ba ta yi min magana ba.

Amma kowace yamma bayan la'asar
Kaka na miƙo hannu: "Ina jakina?"
Wata biyu ke nan bai taɓa kai kasuwa ba.
Yana isa aduwa sai ya ajiye wayar bisa gwiwa,
su biyu su huta,
albasar na ruɓewa sannu a hankali,
yadda na rubuta.