Alkama a Gwangwani

A Agege, bayan layin dogo,
inda jirgi ke girgiza kwanon shago,
Kofur Barmo yana gyaran rediyo
da hannu mai yatsu huɗu.

A Kwango ya koyi aikin,
wurin wani dogon soja, Elma,
ɗan manoman alkama daga Kanada,
kunnuwansa ja kamar nunannen gauta.
Wani dare a ramin tsaro
ya ce a garinsu ƙanƙara ke toshe ƙofa,
sai an haƙa kafin a kai wa shanu ciyawa.
Barmo ya ce a Ɗandume
tsuntsaye ne abokan gaba in gero ya yi kai.
Suka yi ta dariya har saje ya tsawatar.

Shekara hamsin, wasiƙa bakwai.
Ta takwas 'yarsa ce ta rubuto:
Baba ya rasu bayan girbi.
Ya ce a aiko maka wannan.
Ƙullin alkama, bai cika tafi ba.

Ranar Barmo bai je layin fansho ba.
Ya huda gwangwanin madara,
ya roƙi ƙasa wurin mai sayar da furanni,
ya shuka.

Ruwan Ikko ba ya tambayar iri.
Ta tsiro siririya, kore shar,
ta kai tsawon yatsan da babu,
ta tsaya nan.

Yaran layi kan ce, Baba, albasa ce?
A'a, gonar abokina ce.
Sai ya koma murɗa rediyo
yana neman tasha.