Faɗin Ƙofa

Na shimfiɗa taswirar Norway kan teburin kicin,
na danne kusurwa ɗaya da gwangwanin kifi,
ɗaya da kwalbar maganina.
Ruwan Aberdeen na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.

Masu ƙafa da kilomita suke auna tafiya.
Ni da santimita nake farawa:
sittin da takwas, faɗin kujerata.
Ƙofar da ta gaza haka, ko da zinare aka yi ta, bango ce.

Na rubuta wa Gunvor, mai ɗakin haya a bakin teku:
"Ki auna mini ƙofar banɗaki."
Ta ce, "Gidanmu kowa na shiga."
Na sake rubutawa: "Ki dai auna."
Bayan kwana uku sai ga hoto,
tsohuwa durƙushe da awon tela a hannu:
sittin da biyar.
A ƙasa ta ƙara, "Mijina Oddvar zai cire ƙyauren."

Shekara tara ke nan
da tsani ya zame da ni a tashar jiragen ruwa,
ƙafafuna suka yi shiru, har yau ba su ce uffan ba.
Kafaɗu suka gaji aikin, ba su nemi gadon ba.
Kekena a kwance yake, taya uku,
feda a gaban ƙirji, ina juya ta kamar mai niƙa.
Kujerar kuwa a baya zan ɗaure ta,
ta bi ni tiɓi-tiɓi kamar akuyar gida.

Kwana ashirin da shida.
Robar fitsari biyar kullum: ɗari da talatin,
da goma saboda ɓacin rana.
Ba a sa hotonsu a mujallar matafiya,
amma sun fi tantina cin wuri.
Tantin ma sai wanda zan kafa a zaune.
Ƙaramin madubi,
don duba fatar da ba ta iya cewa wayyo.
Littafin da na so tafiya da shi ya fita,
risho ya shiga.

Tormod makanike ya bi layin hanya da baƙin farce:
"Hawan nan, kin san me yake nufi?"
Na ce, "Awa uku, da ashar."
Ya yi dariya, ya ƙara wa sarƙar haƙori.
Ramukan da aka huda cikin duwatsu, inda aka hana keke,
na zagaye su da jan biro, har bakwai,
kowanne na ci mini wuni guda.
To, sannu ba ta hana zuwa.

Matar inshora ta tambaya, "Wa zai raka ki?"
Na ce, "Iska."
Ta ce babu gurbin wannan a takardarta.

Yayata Ishbel ba ta yi gardama ba,
cewa kawai ta yi, "In kin faɗi, wa zai ɗaga ki?"
Na zame daga kujera zuwa ƙasa, a gabanta,
na kama ƙarfe, na ja, na sulɓe, na sake ja.
Minti huɗu.
Ta harɗe hannuwanta a baya don kada su kawo agaji,
ba ta ma share hawayenta ba.
Da na zauna, ta ce, "Safa shida ba za su isa ba."

Kada in yi ƙarya, ina jin tsoro.
Ba na dutse ba, ba na sanyi ba.
Na saurayin filin jirgin sama
da zai jefa ƙafafuna cikin kaya kamar buhun dankali.

Ƙarfe ɗayan dare, shayi ya huce,
wayata ta yi haske.
Hoton ƙyaure jingine da bango,
Oddvar tsaye gefe da sukudireba.
"Mun cire. Saba'in da ɗaya yanzu.
Iska na shigo mana, Mairead.
Ki yi sauri."