Zurfin Wata Goma Sha Takwas

Ran da suka zo Bulangwa, tsakanin ruwa da tsamiya
taku arba'in ne, ni na auna da ƙafata.
Mota uku daga Kusiri, ɗaya daga Marwa,
da wani dogo mai igiyar awo a aljihu,
takalminsa bai san laka ba.

Suka ce an ware kuɗi.
Tafinta ya faɗi adadin, ya sake faɗi,
sifiri na bin sifiri kamar ayarin kawara,
har Barmo kurma ya yi tafi.
Za a ɗaure bakin Shari da dutse,
a ba masunta inji da kalli,
mata kuma tandun banda
wanda hayaƙinsa ba ya cin ido.

Suka kafa allo mai ƙafafun ƙarfe,
Faransanci ne, fari a kan kore.
Jikata Tasalla ta karanta mini:
wata goma sha takwas, in ji allon.

Damina ta fari ta ci rumfar Ya Falmata.
Ta biyu ta ci tsamiya, cikin dare,
mun ji faɗuwarta kamar nishin dorina.
Ta uku ta shiga maƙabarta.
Da hannuna na kwashe abin da ya rage na babana,
na naɗe a sabon alawayyo,
mutumin da ya shekara sittin bisa ruwa
bai taɓa bari ya jiƙa masa hula ba.

Kada in ci haƙƙin kowa, an kawo wani abu.
Inji guda, mu ɗari da bakwai.
Ya yi mako uku a zauren sarkin ruwa
ana gardamar wa zai fara ja,
ya tafi ɗaurin aure Kofiya,
ya dawo babu murya.
Rigunan ceto goma sha biyu,
kaji na kwanci a cikin biyu.
Babbar mota ta juye dutse sau shida,
sai aka ce hanya ta yanke,
sai aka ce takarda na Yawunde,
sai aka daina cewa.

Mai karɓar haraji, shi hanya ba ta yanke masa.

Bara mata suka gaji.
Kande mai banda ta hau turmi ta ce
kowace ta zo da buhu biyu da sefa ɗari.
Kotoko, Musgun, Shuwa, da mu,
mu da ke zagin juna kan wurin shanya koma,
muka ja layi daga tudu har gaɓa,
yashi na tafiya hannu zuwa hannu.
Buhu ba dutse ba ne.
Rana na cin sa, ruwa na lasa.
Amma masallaci na tsaye, ajin Tasalla na tsaye.

Allon fa?
Yana nan, Shari ya kai masa wuya.
Kainuwa ta yi masa gemu,
tsatsa ta cinye sifiri uku.
A ƙafarsa nake ɗaure jirgina da asuba,
don tarwaɗa na son inuwarsa.
Jiya na ciro bakwai, da kurungu biyu,
na ɗaga su, na ce wa Barmo da ƙarfi don ya ji:
ga tallafin, ya iso.

An ce wata mota na tafe bayan Sallah
da sabon mai awo.
Allah ya kawo shi lafiya.
Zan ɗauke shi a jirgi, ba sisinsa,
in kai shi inda tsamiya take a da,
in miƙa masa gorar tuƙi,
ya tsoma, ya auna da kansa
zurfin wata goma sha takwas.