Awa Ɗaya

Bimala ta hau tudun Lamjung da sassafe,
kwamfutar hannu a jaka, laka har idon sawu.
Gida na sha bakwai a jerinta:
Phulmaya, shekara sittin da uku.

"A kwana bakwan da suka wuce
kin yi aikin kuɗi, ko na awa ɗaya?"

Tsohuwa ta dubi tafin hannunta, ta yi dariya.
Tun duhun asuba take yanko wa ɓaunarta ciyawa,
ta tayar da katangar gona da ruwa ya rushe,
ta surfa gero da jika a baya.
Uban yaron na Doha, yana ɗaurin rodi.

"Wannan na cin gida ne, Ama. Layinsa daban."

Shayi na hucewa.
"Ran Laraba na sayar wa malamin makaranta ƙwai shida.
Na daɗe ina jiran canji."
"Ya kai awa?"
"In an haɗa da hira."

Bimala ta danna: mai aiki.
Amsar za ta gangara Kathmandu, a tara, a raba,
ta isa Geneva cikin kashi bisa ɗari,
ƙwai shida sun goyo mako guda.

Ɓauna ta yi kuka.
Phulmaya ta laluɓo lauje.