Amma Ba a Nan Ba

Jajiberin Sallah ruwa ya tsuge a Jos,
sanyi ya gangaro daga kan duwatsu, ya shigo shago ba sallama.
Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina layin Masallacin Juma'a,
ina sayar da littattafan addini,
ina ɗinke waɗanda bango ya rabu da su.
Waya sai kuka take a aljihu:
hoton rago, hoton jinjirin wata,
gaisuwa ɗaya daga mutum tara,
ba wanda ya sauya ko wasali.

Kwamitin unguwa na ɗaure kaya.
Shinkafa mudu huɗu, kwalbar man gyaɗa, sabulu, bargo,
da dankalin da wani manomi ya aiko.
Na ɗora littafi bakwai a saman kwali.
Hajiya Tasalla, mai riƙe mana kuɗi, ta ɗaga gira:
"Malam Ilu, takarda ba ta dahuwa a tukunya,
yunwa kuwa ba ta yi makaranta ba."
Na ce gaskiya ne.
Ban cire ba.

Da aka sauko Idi muka cika keke-napep biyu zuwa Rikkos,
wani gini da mai shi ya gaji a rabi,
buhun siminti ne labulen taga.
Mutanen bakin tafki ne, waɗanda wuta ta koro,
sun san zafin rairayi, sun san kifi,
ba su san sanyi na da haƙora ba.

Mata suka karɓi shinkafa,
yara suka yi wa bargo rubdugu.
Can a lungu wani tsoho, Goni Aisami,
ya miƙo hannu biyu, ba wajen buhu ba.
Ya ɗauki littafin, ya sansana shi
kamar mai sayen turare.

"Nawa arba'in da uku ne," in ji shi,
"da rubutun mahaifina a gefen shafi.
Na sa su a randa, na binne a gindin darbejiya
daren da muka fita.
Wataƙila yanzu gara ta yi sauka,
ta riga ni zama malama."

Ya buɗe. Ya kawo kusa da hanci.
Ya nisantar iya tsawon hannu.
Ya rufe a hankali, kamar mai rufe jariri.
"Tabarau ya faɗa ruwa muna cikin kwalekwale.
Damina uku ke nan
baƙaƙe sun zame mini tururuwa."

Ban yi shawara da zuciyata ba,
don na san ta, 'yar kasuwa ce.
Na zare nawa daga kan hanci.

Ya maƙala. Ya yi shiru.
Yatsa ya hau layi, leɓe ya bi yatsa,
muryar ta fito da tsatsa, sannan ta washe,
har mai tsintar shinkafa ta tsai da hannu.
Shafi ɗaya da rabi, sai ya tsaya cak:
"Mai ɗab'in nan ya manta shadda."
Ya yi dariya, dasashi a waje,
na ga mutumin da ya koma gida
ba tare da ya tashi daga tabarma ba.

Da za mu tafi na ce, Barka da Sallah.
Bakina ya ƙarasa abin da ya saba:
Allah ya maimaita mana.
Kalmar ta fita kafin in kamo ta,
na dubi rufin da ke ɗiga, na dubi kwanon da aka tara.
Ya ce, "Amin.
Amma ba a nan ba."

A hanya Bauchi Road ta zame mini hazo,
fitilun motoci duk sun narke.
Hajiya Tasalla ba ta ce uffan ba,
na dai ji ƙarar biro a kan takardar lissafi.
Na ce, me kike rubutawa?
Ta ce, "Kayan zuwa na gaba.
A nawa ake sayar da irin naka?"

Waya ta sake kuka a aljihu.
Na ciro, na duba:
tururuwa.